Injiniya Ya Gwada Babur

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shataletalen nan, ko da na shan inuwa ne, ya san Injiniya. Kada sunan ya ruɗe ka, tela ne, kuma tela na kirki, wanda in ya yanka maka riga har maƙiyinka sai ya tambayi inda aka ɗinka. Amma shi ɗinki a wajensa hanyar cin abinci ce kawai. Abin da ya ɗauka shi ne baiwarsa ta gaske, wadda duniya ta ƙi ba ta haƙƙinta, shi ne sanin babur.

Babu babur ɗin da ke wucewa ta ƙofar shagonsa ya tsira. Yana kan keken ɗinki, kai a sunkuye, allura na gudu, sai ya ɗaga yatsa ya ce wannan fulogi ne ke damunsa, wancan sarƙa ce ta saki, wancan kuwa mai shi ne bai san darajar inji ba. 'Yan haya da ke ajiye baburansu a gindin bishiyar gaban shagon sun sha karatu har sun haddace. Babban darasinsa kuwa a kan birkin hannu yake: duk wanda ya matse shi yana cikin gudu, to ya yi bankwana da haƙoransa na gaba. In aka tambaye shi me ya sa shi ba ya hawa, sai ya yi ajiyar zuciya, ya dubi nesa, ya ce ya hau tun lokacin da babur yake babur, ya yi tafiye-tafiyen da in ya faɗa za a ce ya ƙara gishiri, yanzu ya ƙoshi. Gaskiyar magana, wadda daga shi sai Mahaliccinsa, ita ce bawan Allah ko a tsaye bai taɓa riƙe kan babur ba. Sunan kowane ƙarfe yana bakinsa, amma ka ce ya nuna maka inda ƙarfen yake zaune, nan za ka ɗaure shi.

Mutum ɗaya ne a layin bai taɓa haɗiye labarin ba, wato mai askin da shagonsa ke jikin nasa. Shi kullum in Injiniya ya fara ba da labarin tafiye-tafiyensa, sai ya tambaya ko a ƙafa aka yi su. Kullum sai sun yi cacar baki, kullum kuma tare suke shan shayi.

Akwai kuma mutum ɗaya da ya haɗiye labarin har da ƙashinsa, wato ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a hannun Injiniya ya tashi. Auta yanzu magidanci ne, ga mata ga jariri, ya daɗe yana fafutukar neman aiki sai kwanan nan wani gidan burodi ya ɗauke shi rarraba kaya a shaguna, da sharaɗin ya zo da babur nasa washegari da safe. Duk abin da ya mallaka ya tattara saboda wannan babur. Ya ɗan koyi hawa a wajen wani abokinsa, amma ina shi ina zaɓen inji ga Yaya a raye? Ya zo shago ya durƙusa ya ce a taimaka a raka shi wajen dillalin da ke ƙetaren shataletale.

Injiniya ya miƙe yana gyara tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa, ya ce yau za a ga bambancin mai saye da mai sani. Da ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Sai mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Da kunne za ka zaɓa, ko da hanci?"

"Da abin da Allah bai ba ka ba."

"Na ɗauka gwani ba ya sayen babur sai ya hau."

'Yan haya suka juyo gaba ɗaya. Injiniya ya ji bakinsa ya riga shi, yana shelar cewa ba hawa kaɗai ba, zai zagaya shataletalen nan da shi, kowa ya buɗe ido ya koya kyauta. Da suka kama hanya gabansa ya ɗan faɗi, amma kafin su ƙetare titi ya lallashi kansa. Mene ne babur in ba inji ba? Shi da ya shekara da shekaru yana sarrafa inji da ƙafa biyu da hannun dama, har yana hira, har yana cin gyaɗa? Bambancin kawai wannan a ɗaure yake a shago, wancan kuwa an sake shi.

Shagon dillali cike yake da sababbin babura a jere, ko ledarsu ba a ɓare ba. Dillalin wani ƙaton mutum ne mai sanyin magana, da tsinken sakace a baki. Ya yi musu maraba, ya ce a duba a zaɓa, a hau ma in ana so, sai dai dokar shagon ɗaya ce: wanda ya ƙwarzane babur, ko da faɗin farce ne, ya saya ke nan, ko yana so ko ba ya so.

Injiniya ya ce wannan doka ta 'yan koyo ce. Ya shiga bin layi yana ƙwanƙwasa tankuna da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ya durƙusa ya shinshina salansa, bututun da hayaƙi ke fita. Ya ƙi wani ja, wai jan babur ya fi saurin ɗaukar zafi. Ya ƙi wani baƙi, wai madubinsa yana da girman kai. Dillali ya juya tsinkensa daga wannan kumatu zuwa wancan. Can a ƙarshen layi Injiniya ya hango wani shuɗi mai faffaɗan mazaunin kaya a baya, ya lura hannunsa na hagu babu ƙarfen matsawa. Dillali ya ce ai wannan ba ya buƙatar kuloci, giya kawai ake takawa. Injiniya ya lissafa a ransa cewa an rage masa abu ɗaya da zai iya mantawa, a fili kuma ya ce tun daga bakin ƙofa ya ji wannan ne ke kiran burodi. Auta ya shafa mazaunin yana murmushi, don shi ma idonsa a kansa yake.

Dillali ya ɗauko 'yar kwalba zai ɗiga mai kaɗan, wanda zai isa zagaye. Injiniya ya tare shi. Ya ce babur mai yunwa ƙarya yake yi, ba a sanin halinsa sai ya ƙoshi. Ya tura Auta ya sayo mai, aka cika tanki har wuya. Aka miƙo masa hular kwano, ya kifa ta, ta sauko har gira. Sannan ya ce Auta ya tashi injin, don shi yana so ya saurara daga gefe. Auta ya taka, babur ya ɗauka da wata murya mai daɗi. Injiniya ya rufe ido yana gyaɗa kai kamar yana jin wani abu da sauran mutane ba sa ji.

Zuwa wannan lokaci rabin layin sun ƙetaro kallo. Injiniya ya ɗaga ƙafa ya haye, jikinsa kuma ya zauna yadda ya saba zama tun yana saurayi. Duk tela ya san yadda ake ɗora ƙafa a matakin keken ɗinki: ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ƙafar hagu ta tafi gaba ta sauka a kan ƙarfen giya, ta dama ta koma baya ta sami wurin taka ƙafar fasinja ta yi zamanta, nesa da birki. Yatsun ƙafar hagu suka danna, wani abu ya ce ƙwas, babur ya zabura. Hannun dama kuwa ya yi abin da yake yi in zai tashi ɗinki, ya jawo abin da ke cikinsa zuwa jikinsa, ya ba injin wuta.

Ba wanda ya ga lokacin da ya bar ƙofar shago. An dai ga tef ɗin awo yana kaɗawa a bayansa, an ga ya faɗa shataletale ya karkata, Allah kuma ya sa ya karkata ɓangaren da ya dace.

Abu na farko da Injiniya ya gano shi ne babur bai san shi ba. Na biyu kuma, duk sanda ya so tsayawa, hannunsa sai ya damƙe ya jawo, yadda yake kama wilin keke in ɗinki ya zo ƙarshe, babur kuwa sai ya ƙara ihu ya ƙara gudu. In ya tsorata ya sassauta, gudun ya ragu, sai kan babur ya fara rawa, tsoro ya sake sa shi damƙewa. Ƙafar hagu kuma ta kama aikinta ba tare da shawara da kowa ba, yatsu su danna, dunduniya ta danna, giya na hawa tana sauka, babur na tsalle yana tari kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Ƙarfen birkin hannu yana nan a gaban yatsunsa, yana ganinsa, amma shi da bakinsa ya yi shekaru yana faɗin abin da yake yi wa haƙora, har ya yarda da kansa.

Da ya iso daidai shagon aski, mai aski yana tsaye a bakin titi.

"Ya dai, Injiniya?"

"Ina sauraron inji," in ji shi, iska ta tafi da sauran maganar.

Da ya sake zagayowa, babban yatsansa ya faɗa kan hon bai sani ba, ya zo yana ƙara tun daga nesa. Ya daure ya sanar da jama'a cewa hon lafiya lau. Wani zagayen sigina ce ke ƙiftawa hagu alhali shi dama yake karkata, ya ce ana gwada fitilu. Takalminsa na dama ya fice ya faɗa gaban teburin mai shayi, mai shayi ya ɗauka ya ajiye masa a kan benci. Waɗanda ake yi wa aski suka fito da rabin kai, ƙyalle a wuya. Wata mai sayar da atamfa ta baza wani turmi a igiya don masu wucewa su gani, Injiniya ya bi ta ƙarƙashinsa ya fito da shi a kan hular kwano, ya yi zagaye guda yana jan sa kamar tuta kafin iska ta ƙwace. Matar ta bi kayanta tana faɗin maganganun da ba za a maimaita ba.

Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin shi ne 'yan haya. Wani daga cikinsu ya lura da zaman ƙafafun, ya ce kun ga irin hawan mutanen da ke nan, wanda ba a koyarwa yanzu. Ya tashi babur ɗinsa ya bi bayan Injiniya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Sauran suka ga ba za a bar su a baya ba. Kafin ka ce me, ga layin babura yana zagaya shataletale, kowa ya banƙare, kowa na danna giya sama da ƙasa, kowa na tsalle. Motoci suka tsaya cirko-cirko, direbobi suka leƙo suna tambaya ko wani babba ne zai wuce. Injiniya ya hango su a madubi, wani ɓangare na zuciyarsa ya ji daɗi, sauran ɓangarorin kuma suna ta salati.

Ana cikin haka matarsa ta iso da kwanon abincin rana. Ta tarar da shago a buɗe babu kowa, ta bi idon jama'a, ta ga mijinta ya wuce da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ita dai tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganinsa a kan abin da ya fi kujera gudu ba, kuma ba ta taɓa cewa komai ba. Ta jira ya zagayo ta ce, Malam, abinci zai huce. Ya ce ta ajiye, yana zuwa. Ta dubi fuskarsa a wannan ɗan wucewar, ta ajiye kwanon a ƙasa ta dafe ƙirji.

Dillali ya cire tsinken daga bakinsa. Ya fito tsakiyar titi yana ɗaga hannu, yana cewa ya isa haka, an gamsu, a dawo da kaya. Injiniya ya ce saura gwaji ɗaya. Ya zagayo, dillali ya sake magana, ya ce wannan gwajin dogo ne. Dillali ya juya wajen Auta ya ce ba komai, a bar shi, yanzu mai zai ƙare. Auta ya tuna masa da ladabi cewa tanki a cike yake, kuma shi da kansa ya ce irin wannan babur ba ya shan mai. Dillali ya ce to sai dai gobe.

Shi kuwa Injiniya kansa ya fara juyawa, gumi na gangarowa daga ƙarƙashin hula yana shiga masa ido. Ya yanke shawara zai daure har dare ya yi kowa ya watse, sannan ya nemi wani tarin yashi ya faɗa a kai cikin sirri. Yana cikin wannan lissafi sai wata doguwar motar siminti, wadda direbanta ya gaji da jira, ta kunno kai cikin shataletale a hankali, ta miƙe a gicciye ta mutu a nan. Injiniya ya samu ya tsallake ta bayanta da ƙyar, madubi ya wuce ƙarfenta da abin da bai kai faɗin yatsa ba. Motar kuma tana ta gangarowa baya kaɗan-kaɗan. Kowa ya ga cewa in ya zagayo ba sauran hanya.

A wannan zagayen ne ya hango Auta. Yana tsaye a bakin titi, bai ɗora hannu a ka ba, bai yi ihu ba, yana dai kallon yayansa da irin kallon da yake yi masa tun yana ƙarami, na wanda ya tabbata Yaya ya san abin da yake yi. Injiniya ya tuna dokar dillali. Ya ga Auta gobe da safe a ƙofar gidan burodi yana tura tarin ƙarafa, ya ga jaririn nan da ko zama bai fara ba. Tsoro ya kama shi na gaske, kunya kuma ta fi tsoron, amma tausayin yaron ya fi su duka. Ya cika ƙirjinsa da iska.

"Jama'a, ban iya ba! Wallahi ban taɓa hawa ba! Ku tsayar da ni!"

Sai kowa ya ɓarke da magana lokaci guda. Dillali na cewa ya matse birkin hannu, 'yan haya daga bayansa na cewa a'a, haƙora, haƙora. Mai shayi ya ce ya taka na ƙafa, Injiniya ya taka da ƙarfinsa, giya ta sake hawa. Wani ya ce ya diro. Mai aski, wanda ya shekara yana jiran wannan rana, ko dariya bai yi ba, ya jefar da almakashi ya bi shi da gudu yana miƙa hannu kamar zai kama kaza.

Auta kuwa ya tare ɗan hayan ƙarshe a layin, ya haye bayansa ya ce ya matsa. Suka kutsa ta cikin sauran har suka jera da Injiniya kafaɗa da kafaɗa. Auta ya miƙa dogon hannunsa ya murɗe makulli. Injin ya yi shiru. Babur ya yi ta jan jiki yana rage gudu, yana rage gudu, har ya tsaya cak, tayarsa ta gaba tana shinshinar tayar motar siminti.

Ba wanda ya tuna ya gaya wa Injiniya cewa in an tsaya ana sauke ƙafa. Babur ya yi ɗan tunani, ya fara kwantawa gefen hagu. A nan Injiniya ya yi abu ɗaya tak da ya yi daidai a ranar: ya riga shi zuwa ƙasa, ya shimfiɗa jikinsa a kan kwalta, babur ya sauko ya kwanta a kansa.

Aka ɗaga babur, aka bar mutum tukuna. Dillali ya zagaya shi yana shafawa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya goge tanki da hannun riga. Ko ƙwarzane babu. Sannan aka waiwayi Injiniya, wanda ke zaune a ƙasa, wando ya yage a gwiwa, idon sawu ya fara kumbura, hula ta juya gefe. Dariyar da jama'a suka riƙe ta ƙwace. 'Yan haya suka sauke ƙafafunsu daga wurin fasinja a hankali, kowa na duban wani wuri. Mai aski ya iso yana haki, ya miƙa masa takalminsa, ya ce yanzu dai ya yarda an yi tafiya, don shi shaida ne. Injiniya ya karɓi takalmin. Bai iya ɗaga ido ya dubi ƙanensa ba.

Auta ya tsuguna a gabansa, a gaban kowa, ya cire masa hular.

"Yaya, to ya ka ji shi? In saya?"

Injiniya ya dube shi ko zolaya ce, ya ga ba ita ba ce.

"Saya. Babur ɗin da ya ɗauke ni bai kashe ni ba, burodi ba zai gagare shi ba."

Aka gama ciniki a nan bakin titi. Da yake ƙafar ba ta takuwa, aka ɗaga Injiniya aka ɗora shi a baya don a kai shi gida, matarsa ta tura masa kwanon abinci a cinya. Auta ya tashi injin suka fita daga shataletale a hankali. Injiniya ya rungume ƙugun ƙanensa da hannu ɗaya kam, ya leƙa ta gefen kafaɗarsa yana kallon ƙasa.

"Auta, wannan da ke ƙarƙashin ƙafarka ta dama, shi ne birkin?"

"Shi ne, Yaya."

"To ɗan taka shi."